Garejin da ya gano abin da ke cinye min wayoyin fulogi

Duk wanda ke bin unguwarmu a Samaru ya san motar, don ba ta ɓoyuwa. Irin motar nan ce mai ɗaki a ciki, da gado da wurin girki da ɗan banɗaki, ƙirar Chevrolet ta 1987. Marigayi mahaifinmu ne ya sa aka yo masa jigilarta daga Amurka bayan ya gama karatu ya dawo koyarwa a ABU. Yara suna kiranta "gidan Baba mai taya". Injinta V8 ne mai lita 7.4, wanda ake kira 454, kuma a tsakanin kujerar direba da ta mai zaman banza yake, an rufe shi da wani murfi kamar akwati. Wannan zaman da injin ya yi a cikin akurki, ba iska sosai, shi ne rabin labarin.

Cikin wata bakwai na sayi wayoyin fulogi saiti uku. Na farko a Sabon Gari, na biyu aka aiko min daga Kano, na uku kuwa na Beljiyam ne da aka ce min "orijina". Duk hanya ɗaya suka bi. Mota za ta tashi lafiya lau, in yi Kwangila in dawo ba komai, amma da na ɗauki hanyar Jos da iyali, ina wuce Saminaka aka fara hawa, sai ta soma misin, tana tari, ƙarfi ya tafi. In na ɗaga murfin sai in tarar robar bakin waya ta bushe ta yi fari kamar toka, kana taɓawa tana marmashewa. Kullum na baya ne ke fara mutuwa, wato na silinda ta 7 da ta 8. Bakanikena na da, wanda ba zan faɗi sunansa ba don muna gaisawa har gobe, maganarsa ɗaya ce: "Alhaji, kayan yanzu duk jabu ne." Ni ma na yarda, don akwai jabun.

Wani direban tirela ne ya yi min kwatancen wani dattijo da ke da gareji a gefen hanyar Jos, ya ce tun zamanin manyan motocin fetur yake kanikanci. Wurin ba shi da allo. Rumfar kwano ce da bishiyar darbejiya, da yara huɗu, da benci guda da ƙafarsa ɗaya bulo ne.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai ko kalli sababbin wayoyin da na zo da su a leda ba. Tsofaffin ya ce in ba shi. Ya jera su a ƙasa, ya juya kowacce, ya ce, "Ɗana, waya ba ta ƙona kanta. Wannan gasa ta aka yi." Na ce, "Baba, to me ke gasa ta?" Ya ce in bar motar, in dawo bayan magariba.

Da na dawo ya sa muka shiga, ya cire murfin injin gaba ɗaya, ya ce in ja mu yi wajen gari in taka totur sosai. Zafin da ya bugo mu a cikin motar ba a magana. Bayan kamar minti ashirin ya ce in tsaya in kashe fitilu. Wallahi da idona na ga manifol ɗin salansa, wato ƙarfen da ke kwashe hayaƙi daga silindoji zuwa salansa, ya yi ja a cikin duhu, kamar ƙarfe a maƙera. Kuma a injin nan fulogan dab da manifol ɗin suke, tsakanin robar waya da jan ƙarfen bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ya ce ƙarfe ba ya nuna ja sai ya haura digiri 500 na Salsiyos, ita kuwa robar silikon mai kyau abin da take jurewa bai wuce 250 da 'yan kai ba. Ko daga ina aka kawo wayar, ba za ta rayu a nan ba.

Washegari ya ɗaura fitilar taimin, sai gaskiya ta fito. An ja taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, baya sosai. Nan na tuna cewa bara na yi ƙorafin injin yana ƙwanƙwasa in ana hawa, bakanikena ya sassauta distiributa, mai raba wa fulogai wuta, ya murɗa ta da kunne har ƙarar ta ɗauke, ni kuma na yi ta godiya. Yadda Baba ya bayyana min: in wuta ta makara, fetur ba ya gama ci a cikin silinda, sai bawul ya buɗe yana kan ci, ragowar wutar ta ƙarasa a cikin manifol. Ƙarfin da ya kamata ya tura fistin sai ya koma zafi a salansa. Shi ya sa mota ta yi nauyi, ta ƙara shan mai, ga ƙarfe yana ja. Da ya buɗe distiributar kuma sai ga 'yan ƙarafan nan da ke gabatar da wuta in injin ya ɗau gudu sun cije da tsatsa, ga bututun iskar da ke zuwa mata ya tsage. Wato ko an saita ta daidai a silo, a kan hanya tana nan a makare.

Bai tsaya nan ba. Ya kwance kafireta, mai haɗa mai da iska, ya wanke, ya ce mai ba ya isa yadda ya kamata in an taka, kuma injin da iska ta yi wa yawa shi ma zafi yake yi. Ya nuna min baƙin hayaƙi a gefen silinda ta 8 inda gasket ɗin manifol ya fashe yana huro wa waya iska mai zafi kai tsaye. Sannan ya tambaye ni ina 'yan faranten ƙarfen da kamfani ya sa tsakanin fulogi da manifol. Ban ma san da su ba. Ashe wani ya cire su tuntuni don suna hana sifana shiga, ya yar. Wannan halin na cire abu a ce "ba ya aikin komai" ya kashe motoci da yawa a garin nan. Baba ya sa aka yanko masa falle, ya lanƙwasa wasu da hannunsa, ba su da kyan gani amma sun zauna.

Taimin ɗin bai saita da kunne ba. Takardar da kamfani ya manna a jikin murfin iska tana nan, ta dushe amma ana karantawa, ita ya bi. Wayoyin da na zo da su masu kauri milimita 8 ne, ya auna kowacce da mita kafin ya sa, ya zura wa bakin kowacce rigar zaren gilas mai kare zafi. Ya jera su bisa tsarin wutar injin, 1-8-4-3-6-5-7-2, ya kuma raba ta 5 da ta 7, ya ce tunda a jere suke bayar da wuta, in suka kwanta a jikin juna wuta na iya tsallakawa daga ɗaya zuwa ɗaya. Ban taɓa jin wani bakanike ya faɗi wannan ba.

Yanzu abin da bai yi min daɗi ba. Aikin da ya ce kwana biyu, kwana shida ya ci. Gaskiya rigunan zafin daga Legas aka aiko su, amma ko da suka iso sai da na yi sintiri sau uku. Ba ya ɗaga waya, in ya ɗaga kuma "in sha Allahu gobe" ne. Yaransa sun taka min kafet ɗin cikin mota da baƙin mai, har yau uwargida ba ta huce ba. Ba ya kuma rubuta komai, sai ka zauna ku yi lissafin kaya da baki. Kuɗin hannunsa ya fi na sauran garejoji, bai kuma rage ko sisi ba duk da na yi ta "Baba a duba". Amma in na haɗa kuɗin saiti ukun da na ƙona da na janwen da ya taɓa jawo mu daga Pambeguwa, nasa bai kai ba.

Tun daga nan na je Jos sau biyu, Kano sau ɗaya. A dawowa ta ƙarshe na tsaya da dare na ɗaga murfin, ƙarfe baƙi ƙirin, robobin nan da laushinsu. Ƙwanƙwasar ta ɗan dawo in na sha mai a wasu gidajen man, Baba ya ce in sauko da giya a hawa in daina danne ta. Mai dai tana sha, 454 ce, ba wanda zai raba ta da wannan.

Saura noti ɗaya na manifol da ya karye a cikin kan injin, ya ce sai an huda an ciro shi, kuma ba zai taɓa shi cikin gaggawa ba. Mun yi da shi bayan Sallah zan kai masa, wannan karon da tsohuwar tabarma da zan shimfiɗa a kan kafet.