lme4 wajen nazarin amfanin gonar da aka gauraya iri

Ga wanda ya shuka iri biyu ko uku a gauraye, manhajar lme4 ta cikin R (manhajar nazarin alƙaluma a kwamfuta) tana biyan buƙata, kuma kyauta ce. Tana ware bambancin ƙasa tsakanin rukunin filaye daga wanda irin ya haifar. Sai dai a auna kowane iri daban bayan an daidaita danshin hatsin, kuma a sa fili cikin lissafin, domin iri biyu a fili ɗaya suna shafar juna. Rukuni uku ba sa isarta: takan ƙiyasta bambancinsu sifiri, ta yi gargaɗi. A nemi biyar ko shida. Ba ta bayar da ƙimar p (lambar da ke taimakawa a gane ko bambancin da aka gani dacewa ce kawai) kai tsaye, abin da ke rikita sababbin hannu; akan haɗa ta da wata manhaja mai suna lmerTest don samunta.