Biron FriXion mai goguwa: ya dace da dayari a zafin Makka da Jidda?

Abin da ya fi tsayar da hannun mai fara rubuta dayari shi ne tsoron ɓata sabon littafi. Shi ya sa idan ya shiga Jarir ko wani shagon kayan rubutu na unguwa, idonsa kan faɗa kan Pilot FriXion, biron nan mai 'yar roba da ake goge rubutunsa kamar na fensir. Biro ne mai kyau, amma ya kamata mazaunin ƙasar nan ta Saudiyya ya san aibinsa kafin ya damƙa masa rubutun shekara guda.

Kamfanin Pilot na Japan ya fara sayar da shi a Turai a 2006. Tawadarsa ba kankare ta ake yi ba. Gugar robar ce ke ɗumama takarda, da wurin ya kai wajen digiri 60 sai launin ya ɓace. Tawadar na nan kwance, ido ne dai ba ya ganinta. Don haka ba ya barin burbushi, robar kuma ba ta cinyewa.

A hannu yana da daɗi, yana gudu ba tare da an danna ba. An fi samun mai baki milimita 0.5 da 0.7. Mai ƙananan haruffa, ko mai ajami da ke buƙatar ɗigo da wasali su fita sarai, ya ɗauki 0.5, lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ma ta fi fita da shi. Baƙinsa ya ɗan yi toka-toka, shuɗin ya fi kyan gani. Tawadar na saurin ƙarewa idan aka kwatanta da Bic, ga shi ya fi shi tsada nesa ba kusa ba, sai dai ana sayar da cikinsa daban, ba sai an sake sayen biron ba.

To, ga matsalar. Ba ruwan tawadar nan da inda zafi ya fito, ko na roba ne ko na rana. A Makka zafin bazara kan wuce digiri 40 kusan kullum, a aikin Hajjin 2024 ma ya haura 50. Motar da aka ajiye a rana da gilasai rufe, samanta na gaba inda ake jefa takardu yana wuce 60 cikin sauƙi. A bar dayari a nan daga azahar zuwa la'asar, ana iya dawowa a tarar shafuka sun koɗe ko sun yi fari. Direbobin gida da masu kai saƙo, waɗanda rabin wuninsu a mota yake, su abin ya fi shafa. Kofin shayi mai zafi da aka ɗora kan shafi ma yakan cinye rubutun da ke ƙarƙashinsa, haka dutsen guga ko injin lamineshan. Biron kansa idan ya sha wannan zafi, sai ya riƙa rubutu ba launi.

Akwai dabara: a sa littafin cikin leda, a ɗaure, a ajiye a firiza. Sanyin da ya kai digiri 10 ƙasa da sifili yana dawo da launin cikin 'yan awanni. Sai dai yakan dawo a dusashe, kuma duk kuskuren da aka goge da gangan shi ma zai fito, ya hau kan gyaran. Wanda ya rubuta magana cikin fushi ya goge, kada ya ɗauka ta tafi. Idan an fito da littafin a bar shi cikin ledar har ya huce, musamman a Jidda mai laima, don kada raɓa ta jiƙa takardun.

Takarda ma na da tata rawar. A kan siririya, zafin gugar robar yana ratsawa ya goge abin da ke bayan shafin. A nemi takarda mai nauyin giram 80 a murabba'in mita zuwa sama, girman A5, wato santimita 14.8 da 21, mai ɗinki ba mai gam kawai ba, domin gam na saki a zafi. A duba gefen da jan layin yake: littattafan da aka buga don Larabci daga dama suke buɗewa, mai boko ya nemi na Ingilishi. Kuma gara marar kwanan wata. Ajanda mai shafin kowace rana, da an tsallake mako sai fararen shafuka su kashe wa mutum gwiwa.

Hukuncinmu shi ne FriXion ya yi wa jadawalin aiki, lissafin cefane da tsarin mako, abubuwan da ake sauyawa. Kamfanin da kansa ya hana a sa hannu da shi a takardun hukuma ko cak. Abin da ake so jikoki su karanta kuwa, a ba Uni-ball Signo, wanda tawadarsa ke jure ruwa da haske, ko Bic na riyal kaɗan. Mai son gogewa dole ya riƙi fensir HB, zafi ba ya taɓa shi.

Farawar kanta ba ta son dogon shiri. A tsallake shafin farko, a fara daga na biyu. A sa kwanan wata biyu a sama, na Hijira da na Miladiyya, tunda da dukansu ake hulɗa a nan. Layi biyar bayan isha'i sun isa: abin da ya faru, wanda aka gani, abin da ya tsaya a rai. Kuskure a ja masa layi ɗaya a wuce. Masu kwana ɗaki guda da abokan aiki su guji rubuta lambar iƙama (katin izinin zama) ko lambar sirrin banki a ciki, littafin kuma ya zauna a akwati mai makulli, nesa da taga.