Baki ko takarda: yadda mai ciki za ta isar da buƙatarta

Mai juna biyu tana iya faɗa wa ungozoma abin da take so da baki, ko ta rubuta tun kafin watanta ya kama.

Faɗa da baki ya fi armashi a wajen awo: ta yi tambaya, a amsa nan take, a gaya mata abin da asibitin ba ya yi. Cikas ɗinsa ranar naƙuda ne. Wadda ta saurare ta ba lallai ita ke bakin aiki ba, ga naƙudar fari kan ja sa'o'i har ma'aikata su canji juna. Mace na riƙe da ƙarfen gado, ciwo na murɗa ta, ina ta ga bakin dogon bayani?

Takarda kuwa shafi ɗaya ya isa. Wa zai zauna da ita (Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan mai rakiya a shawarwarinta na 2018), wane maganin rage ciwo ta amince da shi, a ɗora mata jariri a ƙirji da zarar ya faɗo, a jinkirta yanke cibiya aƙalla minti 1. Sai dai ba yarjejeniya ba ce. Idan bugun zuciyar jariri ya yi ƙasa, ana iya shiga tiyata. Ni dai na fi son takardar da ta faɗi abin da uwa ke so idan aiki ya zama dole, a karanta ta tare da ungozoma, mai rakiya ya riƙe kwafi.