Zuwa Ga Yayana: Abin Da Na Gani Game Da Lasifika A Jamus

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan an kai gero da gyaɗa gida lafiya. Ka ce in duba maka ko a nan Jamus akwai lasifikar da za ta maye gurbin ta marigayi Baba, mai akwatin katakon nan da ke cikin zaure. Na shiga shaguna da dama, na saurara da kunnena.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne cikinta bai canza ba. Har yau maganaɗisu ne, da nannaɗen siririyar wayar tagulla, da faifai mai siffar mazurari wanda ke kai da komo yana tura iska, wato tsarin da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka fitar a Amurka a 1925. Jiki ne ya yi ta ƙanƙancewa. A da, sai akwati ya yi girma kafin a sami amo mai kauri irin na ganga, har zuwa 1954 da wani mai ƙera lasifika, Edgar Villchur, ya rufe akwatin ruf, iskar da aka kulle ciki ta riƙa mayar da faifan mazauninsa. Daga baya, a shekarun 1980, aka sami maganaɗisun neodymium, wanda ɗan ƙarami yake yin aikin babba. Yanzu an cusa amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da batir a ciki, sauti kuma yana zuwa daga wayar hannu ta Bluetooth. Na ɗora wata a tafin hannuna, ba ta kai ƙwaryar fura ba, amma ta cika shagon da murya. Akwai ma irin Amazon Echo, wadda ta fito a 2014, da ake yi wa magana ta amsa, sai dai ba ta aiki sai da intanet marar yankewa, don haka ba ta ƙauyenmu ba ce.

Inda raina ya sosu shi ne wajen gyara. Tawa ta daina riƙe caji bayan shekara biyu, na kai ta wurin mai gyara, ya juya ta, ya nuna mini babu sukuru ko ɗaya, da gam aka manne ta, ya ce ladan aikinsa zai fi kuɗin sabuwa. Nan take na tuna da dattijon nan na kasuwar Maigatari ranar Alhamis, wanda yake zaune kan tabarma yana sake nannaɗe wayar da ta ƙone, zare bayan zare, ya liƙe faifan, ya ce a jira ya bushe. Irin wannan hannu ya yi ƙaranci a nan, har Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 cewa daga Fabrairun 2027 dole wanda ya sayi kaya ya iya cire batir ya sauya da kansa. Tsofaffin lasifikun katako kuwa, rububinsu masu son sauti suke yi a kasuwar gwanjo.

Saboda haka ina roƙonka kada ka sayar da ta Baba. Karkarwar da ka ce tana yi, ina kyautata zaton bakin faifan ne ya ruɓe, kuma dattijon zai iya sauya shi. Zan aiko da ƙarama mai batir a hannun mai zuwa Kano, wadda sola za ta iya cajawa, domin Inna ta riƙa sauraron karatu a ɗakinta. A gaishe ta, a gaida yara.