Wata huɗu da takalmin ƙusa na gwanjo

Shekara biyu ina tseren mita 100 da kambas, har ranar da koci ya kalli ƙafata bayan na zame a tashi, ya ce, "Yaro, ka nemi sifayik ko ka koma ƙwallo." Sabon sifayik, wato takalmin tsere mai ƙusoshi a ƙasansa, ya fi ƙarfin aljihuna, sai na faɗa layin 'yan gwanjo a kasuwar Sabon Gari. Na yi sawu uku kafin na dace da lamba 43.

Wanda bai taɓa riƙe irin takalmin nan ba zai ɗauka an cuce shi. Ba nauyi, ba katifa a dunduniya, gabansa kuma wata roba ce mai tauri da ramuka bakwai inda ake ɗaura ƙusoshi. Da gangan aka yi shi haka, don ɗan gajeren tsere a kan gaban tafin ƙafa yake gudu, dunduniyarsa ba ta cika taɓa ƙasa ba. Doka ta yarda da ƙusa har 11, tsawon kowace kada ya wuce milimita 9 a filin roba. Nawa da biyar ya zo, biyu sun cinye, makullin kwancewa kuwa babu. Mai kayan ya rantse mini zai kawo. Har yau da filaya nake fama.

Inda ya biya ni kuɗina shi ne tashi. A da, taku ukun farko rabin ƙarfina a santsi yake tafiya. Yanzu in na tunkuɗa, ƙasa riƙe ni take yi, sai in ji jikina ya yi gaba tun ban miƙe ba. A tseren da ake korar mutum in ya motsa ƙasa da sakan 0.1 bayan ƙarar bindiga, mita talatin ɗin farko ba wurin asara ba ne. Agogon koci ya sauko daga sakan 11.9 zuwa 11.6. Agogon hannu ne dai, kuma atisaye ma na da nasa rabon, don haka ban jingina wa takalmi duka ba. Abokaina har sun fara kirana Fasuba, ɗan tseren Najeriya da ya yi mita 100 a sakan 9.85 a Doha a 2006. Tsakanina da shi a layin ƙarshe a faka tirela ma akwai sauran fili.

Sai dai ya gasa mini aya a hannu makon farko. Na yi wautar yin atisayen yini guda cur da shi, washegari sharaɓa da agara suka ɗaure, sallar asuba ma a zaune na yi ta. Tun daga nan da kambas nake ɗumama jiki, sai za a yi gudun gaske nake sa shi, in cire da an gama.

Filinmu na Tudun Wada ƙasa ce zalla, da hunturu kuwa ta zama kamar daɓe. Ƙusa ba ta shiga sosai, ga saurin cinyewa; sau biyu na sauya cikin wata huɗu, kuma sai da na yi saƙo Kaduna aka samo mini. Bayan ruwan farko da ƙasa ta yi laushi, nan na ji daɗinsa na gaske.

Mai son saye ya duba ramukan ƙusar tun a gaban mai kaya, in zaren ciki ya lalace a bar masa abinsa. Ya kuma ɗauki wanda ya kama ƙafa tsam. Nawa ɗinkin ɗan yatsan hagu ya fara buɗewa, gobe zan kai wa mai gyaran takalmi a Kwangila.