Ɗan littafin da ya jera amsoshin 'yan takara

Wata ƙungiyar sa-kai ce ta buga shi, kuma kyauta ake rabawa. Ta aika wa masu neman kujerar gwamna da ta majalisar jiha tambayoyi a kan talauci, muhalli, kiwon lafiya da kasafin kuɗi, sannan ta buga amsar kowa yadda ya rubuto ta. Wanda ya ƙi amsawa, aka bar gurbinsa fari fat. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin shirun ɗan takara ma abu ne da ya kamata mai zaɓe ya gani da idonsa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, don haka shafin lafiya na fara buɗewa. A samansa sun tuna wa mai karatu alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Da wannan ma'auni a hannu, nan take za ka gane wanda ya faɗi adadi da wanda ya tsaya a "za mu inganta asibitoci". Na sha ganin uwa ta ninke takardar magani ta ƙulle a bakin zani ta tafi gida, saboda babu kuɗin saye. Wanda bai ce uffan a kan kuɗin da majinyaci ke fitarwa daga aljihunsa ba, bai san halin da muke ciki ba.

Shafin muhalli ma ya yi kyau. Sun bayyana cewa idan haya ta haura kashi 30 na abin da mutum ke samu, ta zama nauyi. Na talauci kuwa gajere ne, amsoshin duk kamar bakinsu ɗaya.

Inda littafin ya gaza shi ne kasafin kuɗi. An tura shi shafin ƙarshe, an raba shi da sauran, alhali shi ne uwar tafiya. Ba a tambayi kowa inda zai samo kuɗin gidajen da ya yi alkawari ba: haraji ne, bashi ne, ko wani fanni zai rage wa? Ba a kuma bambanta abin da aka rubuta a kasafi da abin da aka saki a zahiri ba, kuma a tsakanin nan ne magungunanmu ke maƙalewa.

Rubutun ya yi ƙanana, sai da na karanta wa mahaifiyata da baki. Duk da haka na karɓo guda biyar na kai wa abokan aikina, kuma ina roƙon masu bugawa su sa tambayar kuɗi a ƙarƙashin kowane alkawari a bugu na gaba.