Etymonline da kalmar da na ɗauka kuskuren ɗab'i ce

Aikina fassara ne, kuma tsohon Turanci ya fi komai cinye min lokaci. Kwanakin baya na ci karo da kalmar "bewray" a wani rubutu, na ɗauka mai buga shi ne ya so rubuta "betray" yatsansa ya zame. Har na rubuta "cin amana" na wuce. Zuciyata ce ba ta kwanta ba, sai na buɗe Etymonline, ƙamus ɗin asalin kalmomin Turanci da Douglas Harper, wani Ba'amurke, ya kafa a intanet tun 2001.

Ashe kalma ce mai zaman kanta, ma'anarta tona asiri ko fallasa. Shafin ya raba min ita gida biyu: ɗafin "be-" a gaba, sai saiwar da ta fito daga "wregan" na Turancin farko, wato zargi ko kai ƙarar mutum. Ya kuma nuna 'yar uwarta a Jamusanci, "rügen", wadda har yau ake nufin tsawatarwa da ita. Ita kuwa "betray" ta Faransanci ta biyo, tushenta "tradere" na Latin, miƙa wani a hannun wasu. Kamannin ne kawai ya haɗa su, kama da wane ba ta wane.

A nan na daɗe ina tunani. Wanda ya kai ƙararka gaban alƙali dole ya faɗi abin da ka ɓoye, shi ya sa kalmar ta tashi daga zargi ta koma tonon asiri. Kuma ba sai da mugun nufi ba. A fassarar Baibul ta Sarki James, ta 1611, Matiyu 26:73, an ce wa Bitrus, almajirin Yesu, "thy speech bewrayeth thee": lafazinsa na mutumin Galili ne ya tona shi. Harshe ba ya cin amanar mai shi, amma yana fallasa shi. Da na bar "cin amana" a aikina, da na ɗora wa mutum laifin da marubucin bai ɗora masa ba.

Abin da ya sa nake komawa shafin kullum shi ne kyauta ne, bayaninsa gajere, kuma yana faɗin ƙarnin da kowace ma'ana ta fara bayyana. Inda masana ba su tabbatar ba yakan ce "wataƙila", kuma wannan gaskiyar tana burge ni ƙwarai.

Sai dai a san abin da aka je nema. Tarihin kalma yake bayarwa, ba yadda za ka sa ta a jimla ba. Ni nakan haɗa shi da ƙamus na ma'ana. Ga mai fassara, malamin Turanci ko ɗalibin adabi, ina ba da shawararsa ba tare da wani ɗar-ɗar ba.